Ƙaramin Jirgi, Babbar Makaranta

  

Yau ina so ku biyo ni mu leƙa wani ɗaki. Ɗakin ba wani babba ba ne. A tsakiyarsa akwai teburi. A kan teburin akwai gari sukutum. Ga tasha, ga kasuwa, ga gada a kan kogi. Ga duwatsu can baya, ga shanu suna kiwo a gindinsu. Can sai ka ji usur. Sai ga jirgin ƙasa ya ɓullo daga cikin dutse, fitilarsa a kunne, yana jan taragai. Kan jirgin bai fi taƙi ɗaya ba. Ya rage gudu, ya tsaya daidai bakin tasha. Mai ɗakin kuwa dattijo ne da furfurarsa. Shekara da shekaru yana gina wannan gari da hannunsa, kuma har gobe bai ce ya gama ba.

Irin wannan ɗaki yana nan da yawa a Jamus, da Ingila, da Amurka, da Japan. Gina ƙaramin layin dogo sha'awa ce da mutane suke ba wa lokacin hutunsu. Akwai likita a ciki, akwai direba, akwai malamin makaranta, akwai ɗan fansho. Suna da ƙungiyoyi, suna da mujallu, suna da bikin baje koli.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce wannan ai wasan yara ne. To, ga maganata ta yau, kuma zan yi ta maimaita ta. Jirgin ƙarami ne, amma makarantar babba ce. Wanda ya shiga cikinta yakan fito da abu uku: iya awo, iya kallo, da haƙuri.

Bari mu fara daga tushe. Ina abin ya samo asali?

Tun da jirgin ƙasa ya bayyana ake yi wa yara kwaikwayonsa da katako ko kwano. Amma sauyin gaske ya zo a 1891. A wannan shekara kamfanin Märklin na Jamus ya kai wani sabon abu kasuwar baje koli ta birnin Leipzig. Jirgi ne da ake murɗa wa makulli kamar tsohon agogo, yana tafiya a kan dogo. Hikimar tana wajen dogon. An yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa faɗinta ɗaya da 'yar'uwarta. Ka sayi kaɗan bana, ka ƙara baɗi, duk su haɗu su zauna daram. Daga ranar, abin wasa ya zama abin da ake ginawa. A Amurka kamfanin Lionel ya biyo baya da jirage masu amfani da lantarki. A Ingila kuma Frank Hornby na birnin Liverpool ya fitar da nasa a 1920.

Yaran da aka saya wa waɗannan jirage suka girma, ba su yar da su ba. Sai dai yanzu ba su gamsu da jirgi yana ta zagaye a tsakar ɗaki ba. Suna so ya yi kama da na gaske, ya yi aiki irin na gaske. A 1935 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya. Babban aikinta shi ne daidaita awo, don taragon wannan kamfani ya hau dogon wancan kamfani ba tare da gardama ba.

Wannan ya kawo mu darasi na farko, wato awo.

Masu sauraro, komai a wannan aiki da ma'auni yake tafiya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya ana kiransa HO. A cikinsa ana rage kowane abu sau 87. Mutum cikakke ya koma kamar santimita 2, bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Ƙofar gidansa a rage ta daidai da shi. Jakinsa a rage shi daidai da shi. Idan ka kuskure ka sa kaza ta kai girman tunkiya, ido zai kama ka nan take. Ko yaro ƙarami zai ce akwai abin da bai yi daidai ba.

Akwai ma'aunin da ya fi wannan ƙanƙanta, ana kiransa N. Shi ya fi karɓuwa a Japan, inda ɗakuna ba su da yalwa. Akwai kuma manya, waɗanda ake shimfiɗa wa dogo a lambu, jirgi yana ratsa furanni, ruwan sama yana dukansa. Kowa da gwargwadon wurinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Mai ƙaramin ɗaki ya zaɓi ƙaramin ma'auni, mai fili ya sake.

Amma ga inda tunani yake shigowa. Ko da an rage komai sau 87, kilomita ɗaya ta layin dogo tana bukatar fiye da mita 11. Wane ɗaki ne zai ɗauki tafiyar kilomita 100? Babu shi. Saboda haka dole mai gini ya zaɓa. Me zan ɗauka? Me zan bari? Tashar da take da layi goma, sai ya yi mata huɗu. Jirgin da yake jan tarago talatin, sai ya ba shi takwas. Amma dole wanda ya san wurin ya gani ya ce, wallahi nan ne. Wannan zaɓi shi ne zuciyar aikin. Ba ya yiwuwa sai mutum ya gane abin da ya sa wuri ya zama shi kansa.

To, mu matsa zuwa ga tsari. Gogaggu a wannan fanni bakinsu ɗaya: takarda kafin katako. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka buga ƙusa ko ɗaya, ka zauna da fensir da rula ka amsa tambaya uku. Wane wuri nake ginawa? Wane zamani? Kuma me jirgin nan yake ɗauka?

Tambaya ta uku ta fi muhimmanci. Jirgin gaske ba ya yawon banza. Yana ɗauko kwal daga mahaƙa ya kai tashar ruwa. Yana ɗauko hatsi daga ƙauye ya kai birni. Yana kai ma'aikata da safe ya dawo da su da yamma. Idan ƙaramin jirginka ba shi da dalilin tafiya, cikin mako guda za ka gaji da kallonsa. Idan kuwa yana da kayan ɗauka da wurin saukewa, kullum akwai aiki. Wasu ma har jadawali suke rubutawa. Abokai su taru da yamma, wannan ya riƙe tasha, wancan ya tuƙa jirgi, wani ya ba da hannu, kamar dai ma'aikatan reluwe.

Bayan haka sai dokokin da ba a yi musu wayo. Na farko, kwana. Idan kwana ta yi tsanani, dogon tarago zai sauka daga layi. Na biyu, hawa. A cikin tafiyar mita ɗaya, kada dogo ya tashi fiye da kamar santimita 2. Ya wuce haka, ƙafafun injin su yi ta sulɓi, taragai su ƙi motsi. Na uku, tsawon hannunka. Duk inda hannunka ba ya kaiwa, kada ka kai dogo wurin. Domin a can ne jirgi zai tsaya maka, a can ne ƙura za ta taru. Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba. Wutar da take tafiyar da injin ta cikin dogo take bi. Ƙura kaɗan ta kwanta, wuta ta yanke, jirgi ya tsaya cak. Shi ya sa za ka ga mai wannan aiki kullum da ƙyalle a hannu yana goge layi.

Akwai kuma wata dabara mai daɗi. A bayan dutse ko bayan bango, mai gini yakan ɓoye wasu layuka inda ido ba ya gani. Jirgi ya shige cikin dutse ya ɓace. Mai kallo ya ɗauka ya tafi wani gari mai nisa. Can anjima wani jirgi dabam ya fito. Da wannan 'yar dabara, teburi ɗaya yake haɗuwa da sauran duniya.

Jama'a, kun ji ko? Ba mu taɓa guduma ba tukuna, amma mun yi lissafi, mun yi zane, mun yi nazarin ƙasa da kasuwanci. Jirgin ƙarami ne, amma makarantar babba ce.

Yanzu sai ginin kansa. A nan mutum ɗaya yake zama ma'abocin sana'a biyar. Da farko kafinta ne, yana haɗa teburi mai ƙwari wanda ba ya lanƙwasa. Sai ya koma mai shimfiɗa dogo, yana daidaita gunduwa da gunduwa, yana zuba tsakuwa mai laushi kamar yashi, yana ɗiga mata gam. Sai ya shiga ƙarƙashin teburi ya zama mai aikin lantarki, yana jan waya, yana liƙi da dalma. Sai ya fito ya zama magini, yana tayar da dutse da kwali da soso da farar ƙasa. A ƙarshe ya ɗauki burushi ya zama mai fenti.

Ta fuskar lantarki ma abin ya ci gaba. A da, idan ka ƙara wuta, duk jiragen da suke kan layi ɗaya tare suke tashi. Yanzu akwai 'yar na'ura da ake sa wa kowane inji a ciki, kowanne da lambarsa. Ka kira lamba, jirgi ɗaya ya amsa, sauran su yi zamansu. Har ƙarar inji da usur yana yi.

Darasi na biyu yana wajen fenti, wato iya kallo. Sabon shiga yakan ɗauka ciyawa kore ce, dutse toka-toka, ruwa shuɗi. Sai ya shafa, ya ja da baya ya duba, ya ga abin ya ƙi. Daga nan sai ya fita waje ya sake kallon duniya. Sai ya ga ashe ciyawa launi biyar ce a wuri ɗaya. Sai ya lura da inda tsatsa take fara cin kwano. Sai ya ga yadda hayaƙi yake baƙanta bakin gada, da yadda ruwan sama yake barin zane a jikin bango. Ya dawo ya tsufar da sabon taragonsa da gangan, ya sa masa ƙura da tsatsa da tabon mai. Sai a lokacin abin ya yi rai. Mutum zai shekara yana bin hanya ɗaya bai gan ta ba. Ranar da ya ce zai gina ta, ranar yake fara ganinta.

Bari in ba ku labarin mutum biyu da suka kai ƙarshe a wannan fanni. Daga wurinsu za mu ɗauki darasi na uku, wato haƙuri.

Na farko sunansa John Allen, mai ɗaukar hoto ne a garin Monterey na jihar Kalifoniya. Bayan yaƙin duniya na biyu ya fara da ɗan teburi kamar girman gado. Bai raina shi ba. Ya yi ta ƙari, ya yi ta ƙari, har ginin ya cika ɗakin ƙasa na gidansa. Duwatsunsa daga daɓe suke tashi har rufi. Gadojinsa suna ratsa kwazazzabai masu zurfi. Wancan ɗan teburi na farko kuwa yana nan a tsakiyar babban ginin, bai taɓa yar da shi ba. Ya rasu a watan Janairun 1973. Kwana 10 bayan rasuwarsa gobara ta tashi a gidan, ta cinye aikin. Amma hotunan da ya ɗauka suna nan, dabarunsa suna nan. Har yau ana koyo daga gare shi. Wuta ta ci katako, ba ta ci ilimi ba.

Na biyu shi ne Roye England, mutumin Ostiraliya da ya zo Ingila a 1925. Ya sauka a karkara, ya ga ƙauyuka masu gidajen jinka, suka shiga ransa. Sai ya lura ana rushe su, ana canza musu kama. Ba shi da ikon hana kowa. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki abin awo da kyamara. Ya auna gida, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta launinsa. Ya dawo ya gina shi da kwali, yana fentin tubali ɗaya bayan ɗaya. Gida guda yakan ci watanni. Aikin nan ya zama gidan tarihi na Pendon, wanda aka kafa a 1954. Shi ya rasu, masu sa kai suka ci gaba. Yau wanda yake son ya ga yadda karkarar Ingila take a wajajen 1930, da gonakinta da jiragenta, can zai je ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Kun ga ashe ƙaramin jirgi yana iya ɗaukar kaya mai nauyi. Yana iya ɗaukar tarihin al'umma.

To, a nan zan tsaya in saurari mai ƙorafi, domin yana da hujja. Zai ce, Malam, ana fama da abin sawa a baka, kana maganar jirgin wasa? Zai ce kayan nan daga waje ake kawo su, kuma da tsada. Gaskiya ne. Injin ƙwarai ɗaya kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Kuma ba na ce wa kowa ya bar cefane ya sayi dogo ba. Haƙƙin iyali yana gaba da kowace sha'awa.

Amma ku ji amsata kashi biyu.

Kashi na farko, abin da ake kira wasa yakan haifi aiki. A birnin Hamburg na Jamus, wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe wani wuri a 2001 mai suna Miniatur Wunderland. Ƙaramin layin dogo ne, amma tsawonsa ya haura kilomita 15. Akwai birane a ciki, akwai duwatsu, akwai filin jirgin sama inda ƙananan jirage suke tashi suna sauka. Kowane minti 15 dare yana yi, fitilu su kama, sannan gari ya waye. Fiye da mutum miliyan ɗaya suke zuwa kallo a shekara. Ɗaruruwan ma'aikata suke ci daga wurin. Haka kuma a babbar jami'ar fasaha ta MIT a Amurka, ɗalibai sun kafa ƙungiyar ƙaramin jirgi a 1946. Waɗanda suke kwanciya ƙarƙashin teburi suna haɗa wayoyi da tsofaffin kayan tarho, su ne wasu daga cikin waɗanda suka fara ƙwarewa a kwamfuta lokacin da ta iso makarantar. Daga ƙarƙashin teburin jirgi suka taso.

Kashi na biyu, abin da ya fi daraja a wannan aiki ba a sayensa a kanti. Roye England da kwali ya yi suna. Awo kyauta ne. Kallo kyauta ne. Haƙuri kyauta ne. Kuma mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Wa ya manta motar kara? Mu fere ɓawon kara, mu yanka totuwa, mu yi ƙafafu da sakaina ko tsohon silifa. Wa ya manta motar waya mai dogon sitiyari? Wa ya manta gwangwanayen kifi da muke hudawa mu ɗaure a jere, mu ja su muna kukan jirgi? Hannun da ya yi wannan, shi ne hannun da yake gina gari a kan teburi. Bambancin kawai, a can yaro ya girma da abinsa, a nan kuma sau da yawa mukan ce masa ya bar shirme.

Kuma muna da abin ginawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Layi ya kai Kaura Namoda, ya kai Nguru, daga baya ya kai Maiduguri. Dalar gyaɗa ta tsaya a Kano tana jiran taragai. Akwai ma wani siririn layi da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, aka rufe shi a 1957. Yaran yau nawa ne suka san da shi? Dalar gyaɗa ta tafi. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna ta raguwa. Abin da ya faru da gidajen jinka na Ingila yana faruwa da tsofaffin tashoshinmu. Ɗalibai goma da malami ɗaya, da kwali da gam da tsofaffin hotuna, za su iya tayar da tashar garinsu a kan teburi. Ko jirgin bai motsa ba a shekarar farko, ba komai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu goma suna ɗauka.

Saboda haka ga shawarata ga wanda abin ya shiga ransa. Fara da kaɗan. Allon katako ɗaya ya isa. Zaɓi wuri ɗaya da ka sani, ka je ka kalle shi da kyau. Auna kafin ka yanka. Zana kafin ka gina. Idan ya lalace, ka warware ka sake. Ka yi masa murfi saboda ƙurar hunturu. Kada ka yi gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce, iyaye da malamai. Gobe idan kun ga yaro a gindin bango da kara da wuƙa, ko da waya da gwangwani, kada ku kore shi. Ku durƙusa ku duba abin da yake yi. Ku tambaye shi ina motar za ta, me ta ɗauko. Ku saya masa rula da fensir. Ku nuna masa hoton tsohuwar tasha, ku ba shi labarin kakansa da ya hau jirgi. Yana koyon awo, yana koyon kallo, yana koyon haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jirgin ƙarami ne, amma makarantar babba ce, ku bar yaranmu su shiga.

 Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya sa albarka a hannuwansu.